Abayar da Ta Ɓata Awon Sama

Widad, mutane sai sun tsufa suke zama su rubuta tarihinsu, ni kuwa ba ni da wannan haƙurin. Kafin in tsufa matan Mahjar, unguwarmu ta nan Jidda, sun gama cika miki kunne da nasu labarin, wanda tun yanzu ma ya fara isowa gare ki. Ranar nan kin dawo daga wasa kina tambayata da Larabcinki, wai gaskiya ne ni na sa aka kori kakarki daga aiki? Eh, ni ce. Ba kuma zan ce ki yafe mini ba, domin ban yi abin neman yafiya ba. Da Hausa nake rubuta miki, wadda kunnenki ke ji amma bakinki ke ƙyuyar yi. Ranar da kika so sanin yadda aka yi, sai ki daure ki karanta.

Kafin in auri abbanki mu uku ne a gidan nan, a saman tsohuwar amararmu, wato benen da muke ciki: ni, da Umma, da Sitti wadda ta haifi Umma. Abbana ya rasu ina ƙarama. Umma ce ke riƙe da mu, da aikin wanke wata ƙa'a, babban zauren biki, a unguwar Kurayyat. Amare su yi shagalinsu su watse, gari na wayewa ita ta shiga da bokiti. Banɗakuna ne rabonta, kuma ba ta taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Takan ce duk Jidda ta kudu babu tayil mai hasken nata, har mace ta gyara ɗankwali a jikinsa ba ta nemi madubi ba. Sirrin hasken kuwa yana cikin wata farar jarka marar rubutu, wadda kowa ke kira moya nar, wato ruwan wuta. Ana zuba ta a ƙasa sai ta yi shuu, wani siririn hayaƙi ya tashi ya kama maƙogwaro. Umma na da ƙa'idojinta da ta gada daga matan da suka riga ta: a jiƙa gefen tarha, mayafin kai, da ruwa a naɗe hanci da baki, in an gama a sha laban, wato nono, mai sanyi don ya wanke ƙirji. Ragowar jarkar takan zo da ita gida ta ajiye bayan ƙofa, a ƙarƙashin ƙusar da muke rataye abayoyinmu.

Tun ina firamare nake jin tarinta, har na daina ji. Abin da ban iya daina gani ba shi ne matattakala. Amararmu ba ta da lif. A da Umma takan hau a tashi ɗaya da buhun shinkafa a ka. A shekarar da nake ba ki labari kuwa, sai ta tsaya a kowane hawa, ta dafa bango, ta yi kamar tana neman mukulli a jaka. In na ce mata wani abu sai ta ce nauyi ne ta ƙara. Matar da zobe ke zamewa daga yatsarta.

Na gama sanawiyya, wato sakandare, da sakamako mai kyau, na kuma san ba inda zai kai ni. A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi Umma, amma duk shekara sai mun sabunta iƙama, takardar izinin zama, kamar jiya muka sauka daga jirgi. Aikin da na samu ta hannun wani kamfanin ɗaukar ma'aikata shi ne wanke kwalabe a wata cibiyar bincike da ke arewa da gari. Ban yi murna ba. Na ce uwa na wanke banɗaki, 'ya na wanke kwalba, to an ci gaba. Wata rana ina waya da Sitti a bakin famfo, ina yi mata faɗan ta manta maganinta, sai na ji murya a bayana.

"Ke, wannan Hausar daga ina?"

Na waiga na ga mace doguwa da farar rigar aiki da tabarau. Na ce, "Daga Mahjar."

"A'a, ina nufin a gida, wane gari?"

"Na ce miki Mahjar, Daktora. Can ne gida."

Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ita ce Daktora Hassana, Bakatsiniya, ta zo aikin kwantiragi. Ta ce tana neman mai hannu mai tsafta da ba ta tsoron faɗin gaskiya in ta zubar da abu. Na ce mata tsoro dai ba ni da shi, hannu kuwa ta gwada ta gani.

Ga aikinsu, yadda ni na gane shi. Can sama da inda jirage ke bi, inda babu gajimare babu tsuntsu, akwai wani sashen iska da suke kira sitiratosfiya. A can ne ozon yake, wanda ke tare mana zafin rana mai cutarwa. Iskar gas ɗin tsofaffin firij da na'urorin sanyaya ɗaki da mutane suka yi ta saki shekaru da yawa ta hau can, rana ta farfasa ta, abin da ke fita daga cikinta yana cin ozon ɗin. Yawancinsa kan koma wani abu mai suna haidirojin kulorayid. In ka auna yawan wannan a tsayi daban-daban, kana gane ko ciwon saman yana warkewa. To sai a cika wata ƙatuwar balan-balan da iska marar nauyi, a rataya mata akwati. A cikin akwatin akwai filta-filta, fararen takardu zagayayyu kamar bakin kofin shayi, an jiƙa su da maganin da ke kama wannan abu. Kowace filta tana da tsayin da za ta buɗe ta shaƙi iska, ta rufe, ta gaba ta buɗe in an ƙara hawa. Daga baya akwatin ya sauko da laima a hamada, a ɗauko, a wanke kowace filta a zuba ruwan a inji. Daktora ta ce a sama abin yana ƙaruwa ne in kana hawa, kuma duk da haka ɗan mitsitsi ne, ko a can ƙololuwa bai kai a ce akwai shi ba in ba inji ne ya faɗa ba.

Ni ce mai shirya filtocin. Ban taɓa ganin abin da ake lallaɓawa kamar su ba, ko jariri sabon haihuwa. Safar hannu, hula, ɗan ƙarfen ɗauka, ɗaki mai ƙofa biyu. Kada gumi ya ɗiga, kada iskar teku ta shigo da gishirinta, kada ka yi magana bakinka na kallon takardar. A kowane rukuni kuma ana ware wasu da ba za su tashi ba, ana kiransu shaidu. Su dole inji ya same su fes, don a tabbata duk abin da aka gani a jikin sauran daga sama ya zo, ba daga hannunmu ba. Na so aikin, kada wani ya ce miki ban so shi ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da wani ya ce abin da hannuna ya taɓa zai wuce gajimare.

Sai shaidun suka fara fita da datti. Aka zubar da rukuni, na shirya wani, shi ma haka. Ranar harba balan-balan na matsowa, iskar da ake jira ba ta jiran kowa, Daktora ta daina dariya. Ta zargi ruwa, ta zargi masu kawo takardar, ta sa aka kwance na'urar sanyaya ɗakin. Ni ma ta sa mini ido, na kuwa ce mata ta tsaya a kaina ta ga ko akwai abin da na tsallake. Babu. Ranar da asiri ya fito, abayata ce ba ta bushe ba, na zari ta Umma ta biyu na saka, na ɗora farar riga a kai kamar kullum. Ina shiga ƙofar farko Daktora ta ɗaga hanci.

"Najatu, tsaya nan. Kada ki ƙara taku."

Ta ɗauko wata 'yar takardar gwaji shuɗiya, ta ɗiga mata ruwa, ta goga a gefen abayar. Nan take ta koma ja. Ta sunkuya ta ɗaga gefen zanen, ta ga ƙananan hujojin da na ɗauka tsufa ne ya yi su.

"Me kuke ajiyewa kusa da tufafinku a gida?"

"Ba komai. Moya nar ce kawai ta Umma, ta wanke banɗaki."

Ta dafe kai. "Innalillahi. Ke, ai shi ne! Abin da muke aika balan-balan ya nemo mana a sama, shi ne narke a cikin ruwan nan. Kullum da shi kike shigo mini a jikinki."

A makaranta mun rubuta sunan wannan abu a allo, mun haddace shi, mun ci jarrabawa da shi. Ba malamar da ta taɓa ce mana shi ne a bayan ƙofarmu. Ina tsaye ina haɗa wannan a kaina, Daktora kuwa fuskarta ta washe kamar wadda aka yi wa bushara. Ta ce alhamdulillahi an gano, abin mai sauƙi ne. Za a ba ni tufafin da ba za su taɓa barin cibiyar ba, in yi wanka a nan kafin in shiga, shi ke nan an tsira da filtoci. Har tana tafa hannu.

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan mana. Me ya rage?"

"Daktora, zane ne kawai ya kwana kusa da jarkar ya ɓata miki aikin sama. Matar da ke cikin zanen fa? Ita ba kusa da jarkar take kwana ba, kanta take sawa a ciki tun kafin a haife ni. Kin tambayi takardarki, ba ki tambayi ƙirjin ba."

Ba muguwa ba ce, wannan in faɗa miki. Ta ce gaskiyata, in gaya wa Umma ta daina amfani da shi, yana da haɗari sosai. In gaya mata ta daina! Kamar gishiri ne za a rage a miya.

Na dai gaya mata. Da yammar ranar na tsaya kanti na sayo takunkumi na gaske, mai gwangwani biyu a gefe, na ajiye a gabanta tana tsince shinkafa. Na yi mata bayanin komai, sama da balan-balan da abaya. Sitti ce ta fara ɗauka ta juya shi.

"Wannan ai fuskar fara ce mai cin gona. Maryam, in kika sa wannan amare ma sai su gudu."

Umma ba ta ko taɓa shi ba. "Ya binti, ni mai walda ce? Tun kina ciki nake aikin nan. Tarha na nan, laban na nan."

"Umma, laban ciki yake tafiya, ba huhu ba! Jiƙa tarhar ma ƙara miki yake yi, ruwan ne ke kama shi ya riƙe miki a bakin hanci."

"To, yau kuma an aiko mana daktorar sama. Ke da kike wanke kwalba za ki koya mini wanki? In bai kama maƙoshi ba ai bai ci datti ba."

Ta yi tari mai tsawo a ƙarshen maganar, ta ce ƙaiƙayin shinkafa ne.

Na gane baki ba zai yi ba. Na koma wa Daktora na ce ta ba ni filtoci daga rukunin da aka ƙi. Ta ce me zan yi da su, na ce awo zan yi, a tsayi daban-daban, yadda ta koya mini. Ta kalle ni ta cikin tabarau, ta ba ni, har da gwangwanin rufewa. Ranar Asabar da safe na ce wa Umma zan bi ta in taya ta. Ta yi mamaki, ta ji daɗi kuma, wannan shi ya fi ci mini rai yanzu.

Ban taɓa shiga ƙa'ar ba sai ranar. Shinkafa da nama a zube kan tebura, furanni a tattake, ƙanshin turare har yana hawa kai. Banɗakin mata yana can ƙurya, ba taga, fankar da ke jan iska ta mutu tun ba a san yaushe ba. Na liƙa filta ɗaya a saman ƙofa, ɗaya a jikin madubi daidai fuskar mutum in yana tsaye, ɗaya kuma can ƙasa kusa da magudana, daidai inda fuskar Umma take in ta durƙusa da buroshi. Ta jiƙa tarha ta naɗe, ta ɗauki jarka, sannan ta miƙa hannu ta rufe ƙofa.

"Umma, me kike yi? Bar ta a buɗe!"

"Mushrif, mai kula da wurin, ya hana. Hayaƙin yana dusar da ƙarafunan ƙofofin waje, masu ruwan zinari."

Kin ji, Widad? Sun san yana cin ƙarfe. Sun gani da idonsu, suka nemi mafita, mafitar ita ce a kulle shi da uwata a ciki.

Ta zuba. Na yi niyyar in tsaya har ta gama, wallahi na yi niyya. Ban kai ko'ina ba idona ya rufe da hawaye, na ji kamar an cusa mini barkono ta hanci har ƙirji. Na fito ina kakarin amai a kan kafet ɗinsu mai tsada. Ta bayan ƙofa ina jin buroshinta yana tafiya, tana tari, buroshin bai tsaya ba. Da ta fito idonta jajir, ta zauna a ƙasa ta buɗe robar laban, ta miƙo mini in fara sha.

Da na kai filtocin cibiya, Daktora ta buɗe gwangwanin a waje, ta ce ba za ta zuba ruwansu a inji haka ba, zai lalata mata shi. Sai da ta sirka, ta sake sirkawa, ta kuma sirkawa, ni ina tsaye ina kallon ana tsarma numfashin Umma don kada inji ya ji ciwo. Duk da haka layin ta ƙasan ya haura ya fice daga allon. Ta saman ƙofa da dama-dama, ta madubi ta fi ta, ta magudana kuwa ba a magana. A samansu abin yana ƙaruwa in ka hau. A wurin Umma, in ka durƙusa. Wannan karon Daktora ba ta tafa hannu ba. Ta zauna a kujera ta tambaye ni shekara nawa Umma tana aikin, ta ce lallai a kai ta a duba huhunta.

"Amma Najatu, don Allah kada ki je wa mutanen nan da zafin nan naki. Bari mu yi tunani tukuna. Kin san yadda takardunku suke."

Na sani. Iƙamar Umma ba a kan ƙa'ar take ba, tana kan wani tsohon kafili, ubangidan da Abbana ya yi wa tuƙi. Aikinta na baki da baki ne. Na san wannan duka, na kuma san biki na gaba ranar Alhamis ne, Juma'a da safe za a sake rufe ƙofar nan. Tunani na wa? Daga cibiya ban biya gida ba.

Na sami mushrif a ofishinsa yana shan gahawa da wasu mutane biyu da suka zo kama ranar biki. Ban jira sun fita ba. Na ce masa ni 'yar Maryam ce mai wanke banɗaki. Na ce ya gyara fanka, ya bar ƙofa a buɗe, ya sayo abin wankin da ba ya ƙona ƙirji, suna nan a kasuwa. Na ce mun auna iskar banɗakinsa, injin da ke auna sama ma bai iya ɗaukarta ba. Na ce ya ji tausayin marfin ƙofa bai ji na mutum ba. Muryata har waje, mutanen nan suka ajiye kofunansu. Da ya yi mini ihu da na fi jin daɗi. Murmushi ya yi, ya dafa ƙirji.

"La haula. Ummu Najat tamkar 'yar'uwa take a wurinmu, taimakonta muke yi, ba ma'aikaciyarmu ba ce. Tunda abin yana cutar da ita, halas, shi ke nan, ta huta. Lafiyarta ta fi mana komai. Ki gaishe ta."

Kafin in iso Mahjar ya riga ya kira ta. Kafin magariba ya sami wata, Khala Asabe, maƙwabciyarmu ta jikin bango, ƙawar Umma tun suna 'yanmata. Fankar kuwa har yau ban ji an gyara ba.

Na tarar da Umma a tsaye tsakiyar ɗaki da tarha a kafaɗa. Ba ta ɗaga murya ba, don ba ta da numfashin ɗagawa, sai ta riƙa yanko maganar guntu-guntu.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Na kai miki kuka? Na ce miki na gaji? Kin bi ni kamar mai taya ni, ashe awo kika je yi a kaina kamar akuyar layya. Wurin da ake ganin girmana, ake ce mini Ummu Najat, kika je kika yi mini tsirara gaban baƙi."

"Girman da ake rufe ki a banɗaki don kada ƙarfe ya dusashe? Umma, mutuwa kike yi a tsaye!"

"To da ba tawa ba ce? Ƙirjinki ne?"

Na ce mata eh, nawa ne, don ni zan tsaya ina kallon ana ɗauko ta daga matattakala. Sitti tana cewa yalla, ku yi salati, maƙwabta na ji. Umma ta shige ɗaki ta ja labule. Daga ranar ta daina yi mini magana, ba na kwana biyu ba, har muka kai azumi muka yi salla. A ɗaki ɗaya muke kwana amma sai ta Sitti saƙo ke bi.

"Inna, ki ce wa daktorar sama abincinta na kan murhu."

"Najatu, wai abincinki na kan murhu."

"Na ji, Sitti, ai ba kurma ba ce ni."

Gidan ya matse, ba zan ɓoye miki ba. Nama ya zama baƙo. Umma ta koma sayar da gyaɗa da dafaffen waken nan balila a bakin amara, ita da ke cewa ba za ta taɓa zaman bakin titi ba. Duk matar da ta tsaya saye sai ta yi mata jaje, ta ɗago kai ta kalli tagarmu. A can aka haifi labarin da ya iso kunnenki: yarinya ta sami aikin ofis ta raina sana'ar uwarta. Asibiti ma Sitti ce ta kai ta da dabara, likita ya ce abin da ya ƙone ya ƙone, amma in ta nisanci hayaƙin sauran zai riƙe ta.

A cikin wannan shirun aka harba balan-balan ɗin. Da sassafe muka fita hamada, aka shimfiɗa ta a ƙasa doguwa kamar hanjin rago, aka yi ta hura mata iska har ta miƙe tsaye. Da aka sake ta sai ta tafi ba ƙara ba gaggawa, da akwatin da hannuna ya shirya yana lilo a ƙarƙashinta, har ta koma ɗan farin ɗigo. Shaidu suka fita fes. Filtocin suka dawo da abin da ake nema, kowane tsayi da nasa. Daktora ta rungume ni. Ta ce alamu a duniya suna nuna saman yana farfaɗowa sannu a hankali, domin ƙasashe sun zauna sun yarda a daina sakin waccan iskar gas. Na yi murna, na kuma ji kamar in fasa wani abu. Duniya ta iya zama a kan ɗan mitsitsin da ke can inda ba mai numfashi. Farar jarka kuwa har yau ana sayar da ita a bayan kowane kanti, ba rubutu, ba mai tambaya.

Na kai wa Khala Asabe takunkumin. Ba ta bar ni na shiga ba.

"Kin cinye aikin uwarki, yanzu nawa kika zo ci? Ina da marayu, ya binti. Tafi da fuskar fararki."

Na dawo na jefa shi kan firij. Bayan wasu kwanaki na ga babu shi. Sitti ce ta raɗa mini cewa Umma ta ɗauka ta kai wa Khala da kanta, ta ce mata kada ta ƙara jiƙa tarha, ta kuma sa takalmi ta tokare ƙofar in mushrif ba ya kusa. Wai ta ce ba wata daktora ce ta gaya mata ba, ita ta daɗe da sani. Ko Khala tana sawa, ban sani ba. Abin da na sani, bangonmu siriri ne, kuma tarin da ya bar ɗakinmu bai je da nisa ba. Duk Juma'a ina jin sa. In kina neman abin da ke hana ni barin fushi, shi ne wannan, ba maganar matan unguwa ba.

Ranar da Umma ta sake yi mini magana, wanki ne ya jawo. Na ɗauko kwandon zan kai sutuh, can saman rufin bene, in shanya, ita kuma tana shigowa daga wurin gyaɗarta. Ta ga farar tarharta a ciki ta yi shuɗi-shuɗi, don na haɗa ta da wani zane. Ta manta da Sitti, ta manta da komai. Tun daga ƙofar amara ta biyo ni.

"Ke wace irin yarinya ce? Fari da shuɗi a ruwa ɗaya! Wannan ce mai hannu mai tsafta? Wannan ce ake ba wa kayan sama? Allah ya jiƙan saman! Kin hana ni aikina, kin zaunar da ni bakin titi kamar marar gata, yanzu tarhar da ta rage mini ita ma kin auna ta. Baki kamar reza, kai kamar dutse, duk halin dangin ubanki, ba wanda zai aure ki ya kwana lafiya..."

Ina gaba tana baya. Muka wuce hawa na farko, na jira in ji ta tsaya neman mukulli. Ba ta tsaya ba. Muka wuce na biyu tana kan dangin ubana. Muka wuce ƙofarmu, Sitti ta leƙo da carbi a hannu, baki buɗe. Sai da muka fito sutuh cikin rana sannan ta dafa bango, tana haki, amma ba ta gama ba, ta fizge kwandon ta ce in matsa in ga yadda mutane ke shanya.

Har yau ba ta ce na yi daidai ba, ba kuma za ta ce ba. Ki je ki tambaye ta, za ta gaya miki ni na kore ta daga aiki, za ta kuma yi miki bayanin rashin kunyata dalla-dalla. Ki bar ta ta faɗa. Ki dai lura ko za ta tsaya neman numfashi kafin ta kai ƙarshe.